Makwancin Barewa a Bayan Muzdalifa

Dutsen da na shafe shekaru ina cewa wata rana zan koma in duba shi, an yanke shi. 'Yata ce ta bi da ni ta wajen a motarta, muna dawowa daga wurin likita. Na ɗaga kai na ga rabinsa babu, sauran rabin yana tsaye sumul kamar an sa wuƙa an raba tuwo, motocin haƙa suna ta cin gindinsa. Na ce ta tsaya. Ta ce, "Abuya," wato Baba da Larabci, haka take kirana, "ba a tsayawa a nan, babban titi ne." Muka wuce. Tun ranar zuciyata ba ta zauna wuri ɗaya ba, domin a gindin dutsen nan akwai wata bishiya, a ƙarƙashinta akwai makwancin wani namijin barewa, kuma a kan wannan makwanci na yi wa mutumin da ya riƙe ni ƙarya, har ya koma ga Allah ban warware ta ba.

Na zo Makka ina saurayi, gemu bai gama fito mini ba, bayan na gama firamare a garinmu. Mahaifiyata ce ta haɗa ni da wasu maniyyata, ta ce su damƙa ni a hannun yayanta, wanda ya riga mu zuwa da shekaru masu yawa, a ƙafa, ta hanyar Sudan. Shi ne Kawu. Yana zaune a unguwar Utaibiyya da matarsa, wadda kowa a layin yake kira Inna, Allah bai ba su haihuwa ba. Sana'arsa ɗaukar ruwa: garwa biyu a bakin sanda, sanda a kafaɗa, daga famfon unguwa zuwa gidajen da ke kan tudu. Ni ma na shiga. Har yau in na rufe ido ina jin safiyar wancan zamani, garwaye marasa ruwa suna gwaruwa da juna a lungu, jaki yana kuka, mai wake yana buga bakin tulunsa da ludayi, sai kuma fukafukan tantabaru in sun tashi gaba ɗaya. Yanzu ina zaune a wurin 'yata a unguwar Kudai, a hawa na huɗu. Abin da nake ji da safe hon ɗin bas-bas ne da gurnanin injin sanyi da ke manne a kowace taga. Ruwa yana zuwa da kansa ta bango, ba wanda ya san kafaɗar da ta kawo shi.

Tun ina ƙarami Allah ya yi ni da waswasi. Ina idar da alwala in ji kamar ban wanke gwiwar hannu ba, in sake. In kulle ƙofa, in yi taku goma, in dawo in girgiza kwaɗon. Kawu ya raɗa mini suna Sarkin Waswasi, kuma bai taɓa faɗarsa da ɓacin rai ba. Shi ma yana da nasa taka-tsantsan ɗin, sai dai nasa wuri ɗaya ya nufa. A gida maharbi ne, ɗan maharbi. Ranar da ya iso iyakar Harami da ƙafafunsa a tsattsage, ya ɗauki alkawari tsakaninsa da Ubangijinsa cewa ba zai taɓa tayar da hankalin wata dabba a cikin iyakar nan ba. Ƙasar Makka tana da iyaka ta kowace fuska, kuma abin da ke cikinta a cikin aminci yake. Ba a harbin naman dajinta, ba a sare bishiyarta, ba a ma tayar da dabba daga inuwar da ta kwanta. In ka fita iyakar, kuma ba ka cikin harama, farauta halal ce. Kawu ya riƙe wannan kamar ransa. Na sha ganinsa da garwa biyu cike a kafaɗa, ya tarar da tantabaru suna tsince-tsince a tsakiyar hanya, ya tsaya cik yana jira, ko ya kewaya ta wani lungun. Inna takan ce, "Malam, ruwan mutane zai tafasa a kafaɗarka kana jiran tantabara ta gama karin kumallo." Ya ce, "Ita ta riga ni zuwa garin."

Amma daji bai fita daga jikinsa ba. A Makka ba a noma, duk da haka yana lissafin watannin gida a kansa. Sai ka ji ya ce, yanzu an yi shuka, yanzu gero ya fid da kai, yanzu an gama girbi, maharba sun fara gyaran makamai. A al'adarsu ba a taɓa nama sai an kai amfanin gona gida, 'ya'yan dabbobi sun yi ƙwari, kuma kafin a buɗe farauta da kwanaki maharbi yakan shiga daji hannu rabbana ya duba makwanci. Kowace shekara sai ya faɗi haka. A shekarar da nake ba da labari, wani makiyayi Balarabe abokinsa, mai kawo wa Inna nonon akuya, ya ce ya ga sawun babban namijin barewa a duwatsun bayan Muzdalifa, ta wajen da iyaka take wucewa. Ya ce yana da tsohuwar bindiga da jaki, in Kawu yana so. Ranar Kawu bai iya cin abinci ba.

"Maharbin da ba ya hawa matakala uku sai ya huta," in ji Inna.

"Gwiwa ce ta tsufa," ya ce. "Ido yana nan inda na bar shi. Sau ɗaya kawai, kafin a kai ni kushewa."

Gaskiya ce, ɗaukar ruwa ta cinye masa gwiwoyi. Tafiya ɗaya zai iya, a kan jaki, ranar harbi. Duba makwanci kuwa sai a ƙafa. Ya kira ni ya zaunar a gabansa.

"Saurara, Sarkin Waswasi. Duba makwanci ba farauta ba ce. Ko wuƙa ba ka ɗauka. Ido za ka kai, ka dawo mini da abin da ya gani."

Ya koya mini. Ya ce babban namiji ba ya kwanciya a cikin mata, shi kaɗai yake. Yakan zaɓi gefen tudu, dutse a bayansa, fili a gabansa, iska tana kawo masa labarin abin da idonsa bai kai ba. Kashinsa a wuri ɗaya yake tara shi, sabo a kan tsoho. Kusa da nan za ka ga ƙananan itatuwa da ya goga wa ƙaho har ɓawonsu ya saɓule. In rana ta take yake kwanciya. Ya ce in tsaya daga nesa, kada in taka, kada in taɓa, domin in ya ji warin mutum a shimfiɗarsa ya bar ta ke nan, ba ya dawowa. Sai ya kama hannuna ya matse.

"Kafin duk wannan, alama. A kan hanya ginshiƙi ne mai farar ƙasa, kowa ya san shi. A kan duwatsu kuwa tarin duwatsu ne na mutanen da, daga wannan tudu zuwa wancan. Ka gan ta da idonka, ka wuce ta, ka sa ta a bayanka, Makka a bayanta. Sannan ka sunkuyar da kai ka nemi sawu. In makwancin a ciki yake, ka yi masa sallama ka dawo. Baƙon Allah ne kamar mu."

Inna ta ce, "Wannan ai sai ya duba sau bakwai."

"Shi ya sa na aike shi," in ji Kawu.

Na fita bayan sallar asuba da gorar ruwa, wata motar ɗaukar duwatsu ta rage mini hanya har Mina, daga nan na taka. Wanda ya san Muzdalifa a lokacin aikin Hajji kawai bai san ta ba. In alhazai sun watse fili ne shiru, sai tsinkakkun silifa a cikin yashi, da 'yan tsakuwoyin da wani ya tara bai kwashe ba, da awaki can nesa. Na ratsa ta na shiga duwatsu. Ban yi nisa ba na ga sawu a wani yashi mai laushi, kofato biyu masu tsini, manya, sababbi. Wani daɗi ya kama ni wanda ban taɓa jin irinsa ba. Ni da kullum nake tsoron na yi kuskure, yau ga shi na gane abu da kaina. Na sunkuyar da kai na bi. Sawun ya ɓace a kan dutse, na sake tsintarsa a gaba. Na ga itacen da aka saɓule wa ɓawo, na ga tarin kashi, komai yadda Kawu ya faɗa. Na haye tudu ɗaya, na haye na biyu, rana ta hau sama. A duk wannan tafiya ban ɗaga kai ko sau ɗaya ba.

Bishiyar irin ƙayar nan ce da Larabawa ke kira samur, 'yar'uwar farar ƙaya ta gida, ta baje kai kamar laima a gindin dutsen. A ƙarƙashinta makwancin yake, ɗan rami mara zurfi kamar an danna gindin ƙwarya a yashi. An share shi tas, babu tsakuwa ko ɗaya, gefensa ya yi laushi saboda daɗewa, ga 'yan gasu jajaye a manne. Babu kowa a ciki. Na tsaya daga nesa yadda aka ce. Daga nan ban san abin da ya ja ni ba. Na matsa, na durƙusa, na shimfiɗa tafin hannuna na dama a tsakiyarsa. Da ɗumi. Ba zafin rana ba, domin a inuwa yake. Ɗumin jiki ne, irin wanda kake ji a tabarmar da mutum ya tashi yanzu.

Sai na ji ɗan huci ta hanci. Yana tsaye a kan wani falalen dutse, bai fi jifa ɗaya ba, ƙahonsa mai gaɓa-gaɓa, bakin na hagu a karye, wutsiyarsa tana kaɗawa. Kallona yake. Ban ga tsoro a idonsa ba. Kallon mai gida ne da ya zaga ya dawo ya tarar da wani a kan shimfiɗarsa. Ya jima a haka, sannan ya juya ya gangara kwari, ya nufi gabas, ya ba Makka baya.

A lokacin ne na tuna da alama. Na miƙe na duba bayana, babu komai sai tudu. Na duba gabana, ta inda barewar ta bi, sai ga tarin duwatsu a kan tudun. A gabana yake, ba a bayana ba. In alama ce, to ni da bishiyar da makwancin duk a cikin Harami muke, kuma na kori dabba daga amincinta da hannuna. Na hau na je. Tari ne da ya kai ƙugu, gefe ɗaya ya rushe, babu farar ƙasa, ga kashin awaki kewaye. Makiyaya ma suna tara irinsa don gane hanya. Na hanga ko zan ga wani a layinsa, na ga wani abu a tudu mai nisa, ko tari ne ko dutse ne ban tantance ba. Ruwana ya ƙare, kaina yana sarawa. Na juyo gida.

Na tarar da Kawu a ƙofar gida yana shafa wa gwiwoyinsa man zaitun. Da ya hango ni ya yunƙura zai tashi. Na ba shi labarin sawu, da itacen, da karyayyen ƙaho. Fuskarsa ta koma ta saurayi, yana dariya yana dukan cinya, yana kiran Inna ta zo ta ji. Sai ya ce, "Ka duba alama?"

"Na duba, Kawu. A waje yake."

Bai sake tambaya ba. Wa zai sake tambayar mutumin da ke alwala sau uku?

Bayan kwana goma sha biyu sanyi ya shigo, Kawu ya ce a gida yanzu an buɗe daji. Makiyayin ya zo da jaki da bindiga. Kawu ya ƙi a ɗura ta a cikin iyaka, ya ce mu kewaya ta hanyar Arfa mu shigo wa duwatsun ta waje. Muka wuce ginshiƙin nan mai farar ƙasa, ya taɓa shi da hannunsa, sannan aka ɗura. Ina gaba ina jan jaki, ina tunanin yadda zan yi in mun kai ga tarin duwatsun. Ba mu kai ba. A bakin kwarin, nesa da tarin, inda babu shakka a waje muke, Kawu ya ce in tsaya. Ya sauka da ƙyar, ya duƙa ya duba ƙasa, ya ɗaga yatsa ya ji iska. Ya ja jiki a kan gwiwoyin nan marasa lafiya zuwa bayan wani dutse. Namijin ya tashi daga gindin wani ɗan kurmi, na ga karyayyen ƙahon. Harbi ɗaya. Kawu ya ƙarasa ya yanka da bisimilla.

Makiyayin yana ta yaba masa da Larabci. Shi kuwa Kawu ya koma inda dabbar ta tashi, ya durƙusa yana kallo.

"Wannan ba gida ba ne," ya ce. "Zango ne. Duwatsun ma bai gama sharewa ba. Bai fi kwana goma a nan ba. Namiji kamar wannan ba ya barin gidansa haka kawai, wani abu ya tashe shi. Ina wanda ka gani?"

Na nuna masa da hannu, can sama, bayan tudun. Ya sa tafi ya kare rana, ya daɗe yana kallon wajen. Na san idonsa. Na san ya ga tarin.

"Ka ce ka duba alama."

"Na duba, Kawu."

"To," ya ce.

Inna ta yi farfesu, ta gasa wani, sauran ta yi kilishi. Maƙwabta suka cika gidan, tsofaffin da suka shekara talatin ba su ɗanɗani naman daji ba suna ci suna tuna garuruwansu. Kawu ya ce haƙoransa suna damunsa, ya sha ruwa kawai. Ya sa aka ba ni hanta, ya ce rabon mai duba makwanci ne. Na ci. Har yau ban san yadda ta wuce mini maƙogwaro ba.

Ya ƙara shekara bakwai a duniya. Bai sake zancen farauta ba, bai sake lissafin watannin gida ba. Bai canja mini fuska ba, shi ya nema mini aure, shi ya yi wa 'yar nan tawa huɗuba a kunne. Sau da yawa mukan zauna mu biyu a ƙofar gida bayan la'asar, maganar ta zo mini har baki in haɗiye. Kullum in ce gobe. Sai da ya rasu, Inna ta fita takaba, ta kira ni ta ba ni ƙahon barewar, a naɗe cikin tsohon rawaninsa.

"Akwai abin da ban gaya maka ba, ɗan nan," ta ce. "Kwana uku bayan naman nan Malam ya ari jakin ya koma shi kaɗai. Ya dawo gwiwoyinsa kamar tulu. Washegari ya sayi akuya ya yanka, ya raba wa miskinai, ko tsoka bai bari a gidan nan ba."

"Ya ce a ciki yake?"

"Bai ce ba. Na tambaye shi, ya ce ya ga tafin hannu a shimfiɗar da ba ta mai hannun ba. Na ce to ka yi masa magana mana. Ya ce, 'A'a. Yaron nan ba ya iya riƙe abu a ciki. Zai zo da kansa. Ina jiransa.'"

Na yi wa malamai da yawa tambaya tun daga lokacin. Wani ya ce tunda a waje aka harbe ta babu komai. Wani ya ce in ni na kore ta daga ciki, in yanka akuya. Wani ya dube ni ya ce, "Alhaji, waswasi ne, ka bar shi." Na yanka akuya, na sake yankawa, domin ta farko na ji kamar ta yi ƙanƙanta. Amma ko ɗaya ban gaya wa ainihin abin ba. Ina tambayarsu iyaka, alhali abin da ke cina mutum ne da ya zauna kusa da ni shekara bakwai yana jiran kalma uku. Yanzu barewa ta ƙare a duwatsun nan, hukuma ma ta hana taɓa ta. An kafa sababbin alamu manya-manya waɗanda ko makaho zai lalubo. Jikokina da Larabci suke mafarki, na nuna musu ƙahon suka ɗauka na akuya ne.

Ranar Juma'ar da ta wuce na matsa wa 'yata ta mayar da ni da safe, lokacin da titi ba cunkoso. Ta sami wani gefe ta faka. Na fito da sandata na tsaya a bakin shingen ƙarfe. Babu bishiya, babu kwari, babu tudun da tarin yake kai. An baje komai ya zama fili, za a ajiye bas-bas. Na duba sabuwar alama can gefen titi, na gwada da ido ta dama, na gwada ta hagu, na kasa gane inda na durƙusa ranar. Ko a ciki ne ko a waje, babu sauran mai faɗa mini a duniyar nan. Sai na fuskanci inda nake zaton bishiyar take, na ce da ƙarfi yadda tsoho mai nauyin kunne zai ji:

"Kawu, ban duba ba. Kuma ni na sa hannu."

Na tsaya ina jiran wannan "To" tasa. Iska ce kawai take kaɗa wata leda a jikin shingen.

"Abuya, da wa kake magana?" in ji 'yata. "Yalla, mu tafi, rana ta fara zafi."

Ta kama hannuna na dama za ta sa ni a mota, sai ta tsaya ta juya tafin tana tattaɓawa. Ta ce da ɗumi, ko zazzaɓi ne yake son kama ni. Na ce mata a'a, ya daɗe a haka.